Rusau ɗin Kano: gyaran gari ne ko ramuwar gayya?

Injiniya: Assalamu alaikum. Ina nan kan bakana. Rusau ɗin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta fara a watan Yunin 2023, 'yan kwanaki bayan rantsar da shi, shi ne abu mafi amfani da aka yi wa tsarin birnin Kano a shekarun nan. Kafin nan an gina kantuna a Filin Sukuwa, an kewaye filin Idi na Ƙofar Mata da shaguna, an ba da filin Otal ɗin Daula, har jikin katangar makarantu da maƙabartu ba a bari ba. Da ba a taka birki ba, yau ko wurin da yaro zai buga ƙwallo babu.

Alhaji na Kwari: Wa alaikumus salam. Injiniya, mutanen filin Idi ba cikin dare suka lallaɓo suka jera bulo ba. Gwamnatin Ganduje ce ta ba da wurin, aka biya kuɗi, aka karɓi takarda. Wani gidan gado ya sayar ya kama shago. Idan sabon gwamna zai iya tura katafila kan takardar tsohon gwamna, to wace takarda ce mutum zai riƙe a Kano ya yi barci?

Injiniya: Ai an yi gargaɗi, Alhaji. Tun watan Maris, kafin a miƙa mulki, zaɓaɓɓen gwamna ya fitar da sanarwa cewa masu gini a filayen jama'a su dakata. Wasu sai ma suka ƙara leburori.

Malama: Sanarwar wanda bai hau kujera ba ai ba doka ba ce, Yaya. Kuma kotu ta riga ta yi magana. A watan Satumban 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnati ta biya masu shagunan Masallacin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Wannan kuɗin daga asusun jiha zai fita, wato kuɗin alli da na magani. An yi asara wajen sayar da filin, an sake yin wata wajen rushewa. Shi kuwa shataletalen gidan gwamnati da aka gina a 2017 don cikar jiha shekara 50, filin wa ya ci da aka kwantar da shi?

Injiniya: Na yarda shataletalen ya ɓata wa aikin suna. Amma kuskure a wuri ɗaya ba zai halatta shago a harabar masallaci ba.

Ɗan Jakara: Ku yi haƙuri, duk kun tsaya kan Abba da Ganduje kun bar ruwa. Bayan gidanmu akwai kududdufi tun muna yara. Wani mai hali ya fara turo tifa da ɓaraguzai da shara, damina biyu ya cike shi, aka yanka fulotai. Yanzu da an yi ruwan awa ɗaya sai ya shigo ta zaure, ya haye dokin ƙofa, mahaifiyata na ɗora buhun masara a kan turmi tana kwashe ruwa da roba. Ruwan kwata ne, baƙi ƙirin, da leda da komai. Babu katafilar da ta zo nan, don ba a bakin titi muke ba, kyamara ba za ta gani ba. Wannan ne ya sa nake shakkar cewa don gari aka yi rusau.

Alhaji na Kwari: Nan kam ka taɓo gaskiya. A watan Agustan 2022 da ruwa ya shiga Kantin Kwari, da idona na ga dilolin atamfa da shadda a jiƙe, yara suna warware su suna shanyawa a kan rufin rumfuna, rini yana zuba. An gina kan hanyar ruwa, an toshe layuka da shaguna na wucin gadi. Irin wannan ginin in an cire ba zan ce uffan ba, ko na ɗan'uwana ne.

Injiniya: To ai mun haɗu ke nan, Alhaji.

Alhaji na Kwari: Ba mu haɗu ba. Ni na ce a rubuta wa mutum wa'adi, a bar shi ya kwashe kayansa, a je kotu in da jayayya. Kai ka ga yadda samari suka yi ta wawashe rodi da ƙofofi da tagogi bayan katafila ta wuce? Har shagunan da ba a taɓa ba sai da masu su suka kwana suna gadi.

Baba Malam: 'Ya'yana, bari in sa baki. Kududdufan nan ba a banza suke ba. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen birni da badala, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu. Ramin da aka bari shi ke shanye ruwan unguwa, abin da ya yi saura ya gangara Jakara. Gaskiya ne suna tara sauro, yara ma sun sha nutsewa a ciki, shi ya sa in aka ce za a cike mutanen unguwa kan yi murna. Amma cikewar ba ta faro daga gwamnati ɗaya ba. Na ga ana cin badala da kududdufi a mulkin soja, na gani a na farar hula, kowace jam'iyya. Wanda ya ce a 2015, da hawan Ganduje, ɓarnar ta fara, bai zagaya ganuwa ba.

Malama: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Abin da ke ci mini rai shi ne, kowane gini daga cikin waɗannan akwai jami'in da ya auna, akwai wanda ya sa hannu, akwai dillalin da ya ci la'ada. Mai saye kaɗai ake gani yana kuka a bidiyo. Hukumar tsara birni, KNUPDA, aikinta ne ta hana tun ana haƙa harsashi. Jan fenti bayan an kai hawa uku ai ihu ne bayan hari.

Ɗan Jakara: Kuma mutane ƙaruwa suke, dole su sami wurin kwana. An gina rukunin gidaje na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, amma mai tura baro ko malamin firamare ba zai iya sayen gida a can ba. Shi ya sa yake tafiya awon igiya a bayan gari, inda babu titi babu magudanar ruwa, ko ya sayi rabin fuloti a kan cikakken kududdufi yana sane da abin da damina za ta yi masa.

Injiniya: Duk na ji. Har yanzu ina ganin dawo da filin Idi hannun jama'a daidai ne, kuma duk wanda zai sayi filin makaranta gobe sai ya yi tunani sau biyu. Amma Ɗan Jakara, turo mini hotunan inda aka cike da inda ruwan ke bi yanzu. Zan zana taswirar layin, Baba Malam ya sa mu gaba zuwa wurin mai unguwa, a rubuta koke da sa hannun magidanta kafin ruwa ya sauka.

Alhaji na Kwari: Ku sa sunana a takardar. Batun filin Idi kuwa ban sauka ba.