Ɗan majalisar jiha: wakilin jama'a ko ɗan amshin shata?

Malam Na-Gefe: Ni dai maganata ɗaya ce, kujerar majalisar jiha ba ta da haƙori. Akalar ɗan majalisa tana hannun gwamna daga ranar rantsuwa har shekara huɗun ta cika. Ku dubi Kano. A Mayun 2019 majalisa ta kafa masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki. A Mayun 2024 kuma majalisa ta soke dokar, ita ma kamar ƙiftawar ido. Kowace ta zo daidai da ra'ayin gwamnan lokacin.

Barista: Malam, haƙori na nan a tsarin mulkin 1999, cizon ne babu. Kwamishina ba ya kama aiki sai majalisa ta tantance shi, sashe na 192. Kasafin kuɗin gwamna ba ya zama doka sai ta amince da shi. In ya ƙi sa hannu a kan doka har kwana 30, kashi biyu cikin uku su sake amincewa, ta zama doka ko yana so ko ba ya so. Kuma Gwamna Balarabe Musa fa? Majalisar Kaduna ta hana shi kwamishinoni, ta tsige shi a Yunin 1981.

Hajiya Mai Lissafi: Barista, ai wannan misalin naka Malam ya ƙara wa ƙarfi. Balarabe ɗan PRP ne, NPN ke da rinjaye a majalisar. Rigimar jam'iyya ce. Inda gwamna da masu rinjaye suke inuwa ɗaya, wa zai ɗaga murya? Doka ta ce dole jam'iyya ta tsayar da kai, babu ɗan takara mai zaman kansa. Shugabannin jam'iyya na mazaɓu da daliget kuwa an san gidan da suke kallo. Ka yi tsaurin ido a zauren majalisa, tikitin zango na biyu ya wuce ka. Ka ce za ka sauya sheƙa, sashe na 109 ya ce kujerar ta tafi, sai in jam'iyyar ta rabu gida biyu.

Tsohon Akawu: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Kuɗi ne. An yi gyaran ba majalisun jihohi 'yancin kuɗi a 2018, gwamnoni suka yi ta jan ƙafa. Buhari ya fitar da umarnin shugaban ƙasa na 10 don tilasta aiwatar da gyaran a Mayun 2020, Kotun Ƙoli ta soke shi a Fabrairun 2022, sai da aka sake wani gyaran a Maris na 2023. Ga yadda abin ke lalacewa: in kuɗin gudanarwa na wata bai fito daga ofishin akanta janar ba, kwamiti ba shi da man mota. Sai ma'aikatar da za a je dubawa ta ɗauki nauyin tafiyar, har da abincin rana. To wane rahoto za a rubuta? Rahoton odita janar kuma, wanda sashe na 125 ya ce a miƙa wa majalisa, yana iya kwanciya a kwamitin asusun gwamnati har waɗanda ya shafa su bar ofis.

Barista: Wannan gaskiya ne, Baba. Amma tsigewa ba wasa ba ce, shi ya sa ba a yawan ganinta. Kashi ɗaya cikin uku su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu cikin uku su yarda a bincika, babban jojin jiha ya kafa kwamitin mutum 7, su kawo rahoto cikin wata 3, sannan a sake neman kashi biyu cikin uku. Aka tsallake mataki ɗaya, kotu ta watsar. A Filato mutum 6 cikin 24 suka tsige Gwamna Dariye a 2006, kotu ta mayar da shi a 2007.

Ɗan Autan Zaure: Yayyena, in kujerar banza ce, me ya sa ake kashe dukiya a kanta? Simon Lalong kakakin majalisar Filato ne kafin ya zama gwamna a 2015. Fintiri daga kujerar kakaki ya riƙe Adamawa bayan tsige Gwamna Nyako a 2014, ya dawo da zaɓe a 2019. Tun 2018 ma mai shekara 25 na iya tsayawa.

Hajiya Mai Lissafi: Matakala ce, ƙanena, ba wanda ya musa. Amma laifin har da namu. Mai zaɓe ba ya tambayar ƙuduri nawa ka kawo, ko kwana nawa ka halarta cikin 181 da doka ta ce majalisa ta zauna a shekara. Kuɗin magani, ragon suna da takardar ɗaukar aiki yake jira a ƙofar gida tun da asuba. Takardar aikin nan kuwa daga hannun kwamishina take fitowa.

Malam Na-Gefe: Kwamishinan da Barista ya ce shi ɗan majalisar ke tantancewa?

Barista: Shi fa. Wanda a ranar tantancewar aka ce masa ya rusuna ya wuce.