Hausar Makka ce a bakina, kunya ta hana ni fitar da labarina

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Ni haifaffiyar Makka ce, a wajen Shari'u Mansur na tashi, ban taɓa taka Najeriya ba. Karatuna kaf da Larabci na yi shi. Hausa a ɗakin kakata na same ta, wadda iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Haɗeja tana goye, suka biyo ta Sudan a ƙasa. Rubutun boko kuwa a waya na tsince shi, wajen hira da dangi.

Tun da Allah ya yi mata rasuwa nake rubuta labarin wata yarinya a kan wannan hanyar, har zuwa jikokinta a nan Makka. Wani wurin da haruffan boko, in na gaji in koma na Larabci. Kwanaki na yi ƙarfin hali na tura wa 'yar kawuna a Kano shafi ɗaya. Sai ga saƙon murya, tana dariya har da tari, wai wannan ai Hausar 'yan Makka ce, sai an nemo tafinta. Abin da ya ba ta dariya inda uwar ke cewa: "Yalla tashi ki je baƙala ki kawo tamis, ki kashe mukayyif kafin ki fita." To ni wallahi haka muke magana.

Tun ranar ban ƙara layi ɗaya ba. In na karanta abin da kuke sakawa a nan, karin magana na bin karin magana, sai in ji ni wace ce. Yayana kuma ya ce in daina wahalar da kaina, in rubuta da Larabcin da na iya. Amma muryar kakata ba ta fitowa da Larabci, na gwada.

Shin in ajiye sai Hausata ta gyaru? Ko in bi maganar Yaya? Ko dai rubutun ne ba nawa ba?

Anti mai ɗinki, Jidda:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambaya ɗaya zan miki: 'yar kawun naki ta karanta shafin har ƙarshe? In ta kai ƙarshe har ta iya maimaita miki abin da uwar ta faɗa, to labarin ya riƙe ta. Dariya ba gyara ba ce, ba ta nuna miki ko wuri ɗaya da za ki taɓa ba, don haka babu abin ɗauka a ciki.

Batun jira kuma, kada ki soma. Mu da muka zauna Karantina da Sabil da Gulail, a gabanmu aka rushe unguwannin daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, maƙwabtan shekara talatin kowa ya kama gabansa. Yau in kika ce in kwatanta miki lungunmu, sai na rufe ido na yi ta lalube, ƙofar wa ce ke kallon ta wa. Abin da ke kanki game da kakarki haka zai riƙa zubewa kina jiran Hausa ta nuna.

Ɗalibi a Jami'ar Musulunci, Madina:

Malama, abu biyu kika haɗa wuri ɗaya, shi ya sa nauyin ya yi miki yawa. Akwai iya ba da labari, akwai ƙa'idar rubutu. Na biyun koyonsa ake yi kamar tajwidi, kuma wadda ta sha nahawu da sarfu a makarantar Makka ba zai gagare ta ba.

Ki fara da wayarki: ki ƙara Hausa a cikin harsunan Gboard, za ki samu ƙ da ɗ da ɓ. Sai rabewa da haɗewa, nan ne kusan kowa ke faɗuwa, har waɗanda aka haifa a Fagge. "Ya zo" kalma biyu ce, ba "yazo" ba. "Ne" da "ce" a ware suke. "Zan tafi", "ba ta zo ba", "ya faɗa masa", duk a rabe. Mallaka gajera kuwa a manne: "gidansa", "rigarta". Ki ɗauki labari ɗaya daga shafin BBC Hausa ko jaridar Aminiya, ki kwafe shi da hannu a takarda kina lura da inda aka bar fili. Ki yi haka a kai a kai, hannunki zai riƙe ƙa'idar kafin kanki ya haddace ta.

Larabcin da kike jin kunyarsa kuma, rubutun zube na Hausa da shi ya tashi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zagaya yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, abin da ba a saba ba, don a lokacin rubutu na addini ne da waƙa da tarihi. Cikin waɗanda suka amsa akwai Abubakar Imam, yana ɗan shekara 22, kuma sanannen abu ne cewa ya ɗebo daga hikayoyin Larabawa da ya karanta. Ba wanda ya gada wannan sana'a a cikinsu, kuma sai da edita ya bi rubutunsu da jan alƙalami. Tun kafin su ma Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da Larabci da Fulatanci da Hausa take waƙa, duka da haruffan da kike komawa gare su in kin gaji.

Shawarata ki ci gaba da zubo labarin da duk harafin da ya zo hannunki. Mayarwa boko da gyara aikin wata rana ne daban. Wanda ke rubutu yana gyara a lokaci guda, a shafin farko yake kwana.

Direba a Riyad:

In ana dara fidda uwa ake. Hajiya, ni ba marubuci ba ne, makaranci ne, ina jiran maigida a mota nake karanta littattafan nan. In na haɗu da kalma uku a layi ɗaya da ban gane ba, wucewa nake, datata da kuɗi na saya. Ni na san mukayyif don ina zaune a nan, matata a Gusau ba ta san shi ba. Saboda haka 'yar kawunki ba ta iya faɗa ba ne, amma ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba.

Kuma ki yi hankali da mu 'yan wannan zaure. Kowa ya saka abu sai "Masha Allah", "Allah ya ƙara basira", "muna jiran ci gaba". Rabinmu ba mu karanta ba. In yabon nan kika zo nema, za ki samu buhu guda, ba zai gyara miki komai ba.

Anti mai ɗinki, Jidda:

Malam Direba, ka faɗi gaskiya amma da ka ɗan sa mata sukari. Yarinya ta ce hannunta ya tsaya, kai kuma ka zo da batun data.

Ga inda na yarda da kai. Ƙanwata, ki raba bakin mai ba da labari da bakin mutanen cikin labari. Ke mai ba da labari ki yi Hausar da Gusau da Damagaram za su gane. Uwar nan kuwa ki bar ta da "yalla" ɗinta, don in kika sa mata Hausar gidan rediyo ta tashi daga 'yar Mansur, ta zama wata. Dabarar ita ce layin da ke biye ya fassara ba tare da an ce fassara ake ba: yarinyar ta miƙa hannu ta kashe, sanyin ɗakin ya ɗauke, zafin Makka ya shigo. Matar Malam Direba ta gane ko ba ta gane ba?

Inda ban yarda da kai ba, wannan "Masha Allah" da ka raina tana da ranarta. Wanda ya fito da shafinsa na farko yana rawar jiki, ita yake buƙata tukuna. Gyara sai a ɗauki mutum biyu, ba taron jama'a ba: ɗaya wanda ya san ƙa'ida, ɗaya makaranci irinka mai saurin gajiya. Kuma kada ki ce musu "ya yi daɗi?", kowa zai ce ya yi. Ki ce: a ina ka fara gundura, wace kalma ce ta tsayar da kai, wa kake son ka sake gani a cikin mutanen nan.

Sannan ki sani Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga firamare aka yi mata aure tana yarinya, daga baya ta koma karatun manya. Yau ana nazarin littattafanta a jami'o'i, har an fassara ɗaya zuwa Turanci. Ke da kika gama sakandare ina dalilin cewa ke wace ce?

Baba daga Mai Wurno, Sudan:

'Yata, Allah ya jiƙan kakarki. Jikana ne ke rubuta mini wannan, idona ya yi rauni.

Hanyar da kike rubutawa ta ƙofar gidanmu ta bi. Garinmu a bakin Shuɗin Nil yake, kusa da Sinnar, kuma sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya ci, wanda ya jawo jama'a gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Alhazan ƙasa daga Barno suke shiga Chadi, su bi Abeche, su ƙetaro Jinaina, Fashir, Ubayyid, kafin su kai bakin teku a Sawakin ko Bur Sudan su nemi jirgin ruwa. Ba tafiyar wata ɗaya ba ce. Guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma, da yawa a gonakin auduga na Jazira, wanda aka buɗe a 1925, a tara abin da aka tara a ƙara gaba. Ana haihuwa a hanya, ana aure a hanya, ana binnewa a hanya. Wasu da niyyar shekara ɗaya suka sauka, ga jikokinsu nan har yau a Gadarif da Kasala da Wad Madani.

To ki gaya mini, wanda ke zaune a Kano ya hau jirgi awa biyar ya sauka Jidda, ta ina zai san wannan? Mu ma in mun yi magana dariya suke mana, su ce Hausarmu ta tsufa ta sha Larabci. Amma agashe da duk Sudan ke ci namu ne, siriyar da Larabawan Makka ke layi a kanta tsirenmu ce. Ba mu zo hannu sake ba.

Abin da zan roƙe ki: kada ki dogara da abin da kika tuna kaɗai. Akwai tsofaffi sa'o'in kakarki a Mansur. Ki saya musu goro ki zauna, ki nemi izini ki kunna rikoda. Kada ki tambaye su tarihi, za su ce ba su sani ba. Ki tambaye su me aka ci ranar da hatsi ya ƙare, wa ya ɗauki tukunya, da me aka biya mai raƙumi. Mu nan yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya watsa mutane, tsofaffi da dama sun tafi da abin da ke cikinsu ba wanda ya ɗauka.

Wata 'yar uwa, Ɗa'if:

Ni dai shiru nake a nan kullum, matsalarmu ɗaya da mai tambaya. In za a yi zaman gyaran a sa da ni.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, saƙonka sai da na karanta wa Umma, ta ce kakata ta sha ambaton Jazira, a can aka yaye ta. Malam Direba ban ji haushi ba, kai nake so ka zama makarancin nawa in ka yarda.

Saura abu ɗaya da ban faɗa ba. A ɓangaren jikoki akwai maganar rashin igama, wato takardar izinin zama, da wanda aka kama aka yi wa tarhil, wato aka fitar da shi daga ƙasar, kuma duk wanda ya san gidanmu zai gane ko su wa nake nufi.

Anti mai ɗinki, Jidda:

Wannan kam dole ki yi taka-tsantsan, ba don adabi ba, don rufin asirin mutane. Canza suna kaɗai ba ya isa a unguwar da kowa ya san kowa. Ki canza unguwar, ki canza sana'ar, namiji ya koma mace, mutum biyu ki narkar da su su zama ɗaya. Duk abin da zai iya jawo wa mai rai matsala da hukuma, ki cire shi ko da shi ne ya fi daɗi a labarin. Ki fara fito da ɓangaren hanya, wannan ba mai ƙorafi a kansa.

Ɗalibi a Jami'ar Musulunci, Madina:

Ƙari a kan na Anti: kada ki tunkari littafin gaba ɗaya yanzu. Ki yanko dare ɗaya a hanyar, ki mai da shi gajeren labari mai kai da gindi. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake yi wa mata tun 2016, kalma 1,000 zuwa 1,500 ake nema, ki ɗauki wannan ma'aunin ko da ba za ki shiga ba. In kuma kina da niyya, ba a fafe gora ranar tafiya, ki karanta sharuɗɗan shekarar tun da wuri.

Ki turo shafi biyu ranar Alhamis bayan Isha, ke da 'yar uwarmu ta Ɗa'if. Ni zan duba rabewa da haɗewa kawai, ba zan taɓa bakin uwar ba.

Direba a Riyad:

Na yarda Hajiya. Amma a turo kafin sha ɗaya, da asuba nake kai yara makaranta. Kuma in na yi barci a shafi na biyu zan faɗa.