Mercedes-Benz ta 1971 daga Jamus zuwa Amurka: kwantena ko roro?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'a. Ina shirin sayen Mercedes-Benz 280 SE ƙirar 1971 a Jamus in shigo da ita Amurka. Motar tana tashi, amma sai an lallaɓa ta, birkinta kuma ba shi da ƙarfi. Mai sayarwa ya ce an taɓa sauya inji, an sa wani irinsa. Akwai kwali uku na kayan gyara da za su biyo ta. Tambayata biyu ce: in saka ta a kwantena ko a roro, wato jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita? Sannan sauyin injin nan zai jawo matsala a kwastam? Mai motar ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Na Ingila: Wa alaikumus salam. Abu mai sauƙi. Tunda ta haura shekara 30, kuma an daina ƙera irinta, ana shigar da ita a sahun kayan tarihi, lamba 9705. Babu kuɗin fito, harajin kaya kashi 5 kawai maimakon 20. Ka dai sanar da hukumar haraji ta tsarin NOVA cikin kwana 14 da isowarta.

Hajiya Mai Takardu: Malam, Amurka ya ce, kai kuma ka karanto masa dokar Ingila. Ɗan'uwa, ga naka. Hukumomi uku ne za ka gamsar, kowace da fom ɗinta. Na hukumar kiyaye lafiyar hanya shi ne HS-7, ka zaɓi akwati na 1, wanda ya keɓe motar da ta cika shekara 25 daga watan da aka ƙera ta. Na hukumar muhalli shi ne 3520-1, harafin E, na motar da ta kai shekara 21. Na kwastam kuwa 7501 ne, ka riƙe shi da hatiminsa domin da shi jiharka za ta yi maka rajista. Kafin duk waɗannan, dole a tura wa kwastam na Amurka bayanan kaya da ake kira ISF aƙalla awa 24 kafin a loda kaya a jirgi can Jamus. Tarar makara tana kai dala 5,000.

Batun inji shi ne wanda ya kamata ka tsaya a kai. Sassaucin harafin E na motar da take yadda aka ƙera ta ne. In an sauya inji, sai ya zama daidai da na asali, ko kuma sabo wanda hukumar ta riga ta amince da shi. Na 280 SE shi ne M130, silinda shida a jere, lita 2.8. Ka sa mai motar ya ɗauko maka hoton lambar da ke jikin injin, ka nemi katin bayanan masana'anta daga sashen tsofaffin motoci na kamfanin, ka gwada su. "Irinsa ne" na bakin mai sayarwa ba hujja ba ce.

Oga Bakanike: Kafin a loda ta a tsiyaye man kafireta, in ba haka ba zai daskare ya toshe ta.

Baba Tsohon Ƙarfe: Wace kafireta kuma, yaro? 280 S ce mai kafireta. 280 SE ɗin nan famfon Bosch ne ke feshin mai. Da ka je nemanta da sai motar ta iso tashar Baltimore a Amurka kana can tashar Bremerhaven a Jamus da sifana a hannu.

Oga Bakanike: Na ji, Baba. Amma tsohon fetur ya fi yi wa famfon nan illa fiye da kafireta, kuma gyaransa ya fi tsada nesa ba kusa ba. Maganata tana nan.

Ejan Tasha: Ku bar zancen kafireta, ku ji abin da ke cinye mutane. Kada ka kuskura ka shiga kwantenar haɗaka. Ana ɗaukar mai ƙafa 40 a cusa motoci uku ko huɗu na mutane daban-daban, wasu a ɗage a kan katako. Ga yadda aka yi da wata irin wannan da ta bi ta tashar da nake aiki. Ɗaya daga cikin motocin Land Rover ce, takardunta na tsohuwa, jikinta na sabuwa. Jami'an kwastam sun san wannan dabara tun tuni, sun sha ƙwace irinsu, har sun taɓa murƙushe wata a Baltimore a 2013. Suna ganin sunanta a takarda suka tsare kwantenar baki ɗaya, aka ja ta zuwa wurin bincike, aka fitar da komai. Kuɗin ja, kuɗin saukewa, kuɗin mayarwa, duk masu kaya ne ke biya, ba gwamnati ba. Sauran masu motocin ba su aikata komai ba, amma kwanakin kyauta na tasha suka ƙare, kuɗin ajiya ya fara hawa kullum, kamfanin jirgi shi ma yana ƙirga nasa na riƙe masa kwantena.

Sabon Shiga: To Yallaɓai, roro ke nan?

Ejan Tasha: Tsaya tukuna, ban gama ba. Da aka buɗe sai ga wata sabuwa: katakon da aka tokare motocin da shi babu hatimin ISPM 15, wanda ke nuna an gasa shi ko an yi masa feshin kashe ƙwari. Katako maras hatimi ba a yi masa magani a nan, umarni ake bayarwa a fitar da shi daga ƙasa, wani lokaci har da kayan da ke kansa in ba za su rabu cikin sauƙi ba. Kamfanin da ya yi lodin ya daina ɗaga waya. Ɗaya daga cikin masu motocin dattijo ne, tasa ba ta da wata daraja sai ta gado, kuɗin da aka ɗora masa ya wuce abin da motar za ta yi a kasuwa. Ya haƙura ya bar ta. Kayan da ba a shigar da takardunsu ba cikin kwana 15 ana kai su ma'ajiyar da kwastam ta tanada, bayan wata shida a yi gwanjonsu. Wanda ya yi ha'incin bai yi asarar da dattijon nan ya yi ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Baba Tsohon Ƙarfe: Allah ya kyauta. Amma laifin haɗaka ne, ba na kwantena ba. Ya ɗauki mai ƙafa 20 shi kaɗai. Cikinta kusan mita 5.9 ne, motarsa mita 4.9, kwalayensa za su samu wuri. Roro kuwa ba ta dace da shi ba ta kowace fuska. Ma'aikatan tasha ne za su tuƙa ta, ba mai lokacin lallaɓa inji, wadda ta ƙi tashi ja ake yi a caje ka. Mota maras birki a kan gangaren jirgi ba a ma son karɓarta. Kuma ba a yarda a bar kaya a ciki, sai safaya da jak. A kwantena: mai kada ya wuce rubu'in tanki, a cire kan batir a naɗe shi, a ɗaure ta tayoyi huɗu ba ta gatari ko bamba ba, a saki birkin hannu kada ya manne, a ɗan sassauta gilasai, a rataya buhunan tsotse danshi domin rufin kwantena yana zufa a teku. In lokacin sanyi ne a duba maganin hana daskarewa a lagireto. A wanke ƙarƙashinta tas da tururi, domin jami'an aikin gona suna tsare mota saboda ƙasar da ta manne a ƙasanta.

Mai Lissafi: Kuɗin fito kashi 2.5 ne na farashin saye, sai ɗan kuɗin tasha kashi 0.125 da na sarrafa takardu kashi 0.3464.

Dillalin Gwanjo: Tsohon labari. A Afrilun 2025 kashi 25 aka ɗora wa motocin waje.

Hajiya Mai Takardu: An ɗora, amma an cire motocin da suka kai shekara 25 daga wannan ƙarin. Sai dai tun daga lokacin ake ta jujjuya harajin kayan Turai, don haka adadin da zai biya shi ne wanda wakilin kwastam mai lasisi ya rubuta masa a makon da zai yi lodi. Kwalayen nan kuma ba mota ba ne. Kayan gyara suna da nasu lambobin da nasu harajin, a jera su ɗaya bayan ɗaya da farashi.

Oga Bakanike: Ni kashi 25 da na sani na a-kori-kura ne, wanda aka sa tun 1964 saboda rigimar kaji da Turai. Ka tabbata babu kaza a but ɗin, Alhaji.

Dillalin Gwanjo: Dariya a gefe, kwantena kai kaɗai ninkin roro ce ko fiye. Ku da ba ku taɓa biya daga aljihunku ba ne kuke raba shawara.

Baba Tsohon Ƙarfe: In ka haɗa kuɗin aiko da kwalaye uku daban, da kuɗin jan mota, ratar ba ta kai yadda kake faɗa ba. Kuma kai motocin shekara goma kake turawa masu tashi da maɓalli. Ka taɓa ganin yadda katakon dashbod na irin wannan ke kumbura in ya sha iskar gishiri a filin tasha?

Dillalin Gwanjo: Baba, gyara daban, jigila daban. Kowa ya tsaya a fagensa.

Ejan Tasha: Dukanku ba wanda ya ambaci inshora. Dokar Amurka ta 1936 ta taƙaita abin da mai jirgi zai biya zuwa dala 500 kan kowane ƙunshi, ana kuma iya lissafa motarka ƙunshi ɗaya. Ka sayi inshora mai rufe kowane haɗari bisa ƙimar da aka amince a rubuce, ba mai biya sai mota ta salwanta gaba ɗaya ba. Jirgin Felicity Ace ya kama wuta ya nutse a 2022 da motoci kusan 4,000, daga Jamus ya taso. Ko jirgi bai nutse ba, in aka yi asara don ceto shi, duk masu kaya ake raba wa, ba za a sakar maka mota ba sai ka ajiye jingina. Ka ɗauki hoton kowane lungu kafin a rufe ƙofa.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ban gane ba: in lambar injin ta nuna M130 ce amma ta wata shekara, ya wuce ko bai wuce ba?

Malamar Rajista: Wace jiha kake tukuna? Wucewa a kwastam ba shi ne samun lamba ba. In California ce, motar da ba a ƙera wa kasuwar Amurka ba daga 1968 zuwa sama tana da nata sharuɗɗan hayaƙi masu tsauri, ko da gwamnatin tarayya ta sake ta. Ka tabbata mai motar ya ba ka ainihin kashi na biyu na takardar rajistar Jamus, wadda ita ce shaidar mallaka, ka sa a fassara ta da rasit ɗin saye.

Hajiya Mai Takardu: Kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Lambar shasi mai gurbi 17 sai a 1981 ta zama doka. Ta wannan motar 14 ce, tana farawa da 108. Sai ma'aikaci ya buga a kwamfuta ta ƙi karɓa, ya ce takardunka ba su cika ba, ko ya ƙara sifili daga kansa don ta shiga. Daga ranar lambar da ke takarda ta saɓa da ta jikin mota, kuma ranar sayarwa ko neman inshora abin zai fito.

Malamar Rajista: Ba laifin ma'aikaci kaɗai ba ne, Hajiya. Akwai hanyar a kira jami'i ya duba lambar da idonsa ya sa hannu, mutane ne ba sa nema. Wasu kuma tun daga fom ɗin 7501 wakilinsu ya bar layukan da ke tsakanin lambobin ko ya tsallake ɗaya, sai a zo ana yi mana ihu a kanta.

Hajiya Mai Takardu: Wakili ya yi kuskure a gyara a yini ɗaya. Ku kuwa in kuka buga kuskure a takardar mallaka, wata nawa ake yi kafin ku fitar da wata?

Dillalin Gwanjo: Ku ƙara da kamfanonin inshora. Shafinsu ma ba ya karɓar lamba 14, sai ka kira waya a yi ta miƙa ka daga wannan zuwa wancan.