Abin da muka tattauna kan binciken ciwon zuciya

Jama'ar Damagaram, ga abin da na tsinta:

1. Baki ya zo ɗaya: kada ka sa hannu a takardar shiga bincike sai an bayyana maka da Hausa. Kana iya fita duk ranar da ka so.
2. Masu hawan jini, kada a bar magani don an ji sauƙi. An tuno binciken CREOLE na 2019, wanda ya gwada magungunan hawan jini a Afirka: ga baƙar fata, haɗin magunguna da ke da maganin amlodipine a ciki ya fi wanda ba shi da shi saukar da hawan jini.
3. A kan kunun kanwa da wankan jego aka rabu. Wasu sun kawo binciken Zariya da ya danganta su da gazawar zuciya, iyaye mata suka ce al'ada ce da aka gada. Ni dai ina roƙo a rage kanwar, kuma mai jegon da ƙafarta ta kumbura a kai ta asibiti.