Takarda ko gogewa: wa za a damƙa wa igiyar keji?

Malam Lawal: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan isha'i muka yi ta ja-in-ja da ƙanena da ke karatun haƙar ma'adinai a Jos. Ya ce a ƙasashen da ke haƙar kwal can ƙarƙashin ƙasa, irin su Indiya da Afirka ta Kudu, ba a ba mutum manajan mahaƙa sai ya ci jarrabawar gwamnati. Haka ma direban injin da ke saukar da kejin ma'aikata cikin rami ya kuma hawo da su. Abin da na faɗa masa shi zan maimaita a nan: wannan jarrabawa ba ta ceton ran kowa. Gogewa ce ke ceto. Takarda dai hanya ce ta hana wanda ya san aiki hawa kujera, a ɗora wanda ya iya biro.

Baba Audu: Wa alaikumus salam. Lawal, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ban taɓa shiga ramin kwal ba, amma ƙuruciyata kaf a kan kuren, wato injin ɗaga kaya, ta ƙare, ina ɗaga kaya da igiyar ƙarfe. Wata rana wani yaro sabon injiniya, takardunsa ba a magana, ya ce in ɗaga wani janareta. Na ce a'a, kukan igiyar nan bai yi mini ba. Ya ce a rubuce lafiyarta ƙalau. Na ɗauki tsumma na naɗe hannuna, na bi igiyar a hankali ina shafawa. Ban yi taku goma ba tsumman ya maƙale, muka duba, sili shida sun tsinke wuri ɗaya. Wace jarrabawa ce ke koya wa kunne wannan?

Injiniya Bashir: Baba, Allah ya ƙara girma. Ba mai musa abin da kuka gani. Amma Malam Lawal ya raba abu biyu da doka ba ta taɓa raba su ba. A Birtaniya, inda dokar 1872 ta fara wajabta wa manajan mahaƙar kwal takardar ƙwarewa, ba a kori tsofaffin hannu ba. Waɗanda aka tarar suna riƙe da mahaƙa an ba su takardar shaidar aiki ba tare da jarrabawa ba. Daga baya kuma aka gindaya cewa ba za a ba ka takardar ba sai ka yi shekara biyar kana aiki a mahaƙa, a ɗan rage wa mai digiri. Wato jarrabawar ba ta zo maye gurbin gogewa ba, a kanta aka ɗora ta.

Malam Lawal: To Injiniya, idan mutum ya riga ya yi shekara biyar a rami, me ya rage da za a tambaye shi a kan tebur?

Injiniya Bashir: Abin da ido ba ya gani, Malam. Gas ɗin da ke fita daga jikin kwal ba shi da launi, ba shi da wari. Idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar rami, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. A da, da fitilar rami ake gwada shi: a rage lagwani har harshen wutar ya yi ƙasa, sai a ga wata shuɗiyar hula ta fito a samansa, tsawonta shi ke nuna yawan gas ɗin. Tsohon ma'aikaci zai iya wannan da ido, na yarda. Amma iska nawa fanka za ta tura kowane lungu, kaurin ginshiƙin kwal da za a bari don ya riƙe rufi, tazarar da ke tsakaninka da tsohon ramin da ya cika da ruwa, wannan lissafi ne da taswira. A Chasnala kusa da Dhanbad a Indiya, ranar 27 ga Disamba 1975, ruwan tsohon rami ya fasa ya shigo, mutum sama da 370 suka rasu. Kunne ba ya jin ruwan da ke kwance bayan bango.

Kwamared Isa: Injiniya, kai da bakinka ka kawo hujjar Malam Lawal. A Dhanbad ɗin nan hukumar kula da lafiyar mahaƙu ta Indiya take, ita ce mai shirya jarrabawar manaja mai daraja ta ɗaya da ta biyu, da ta safiyo, da ta direban injin keji. A ƙofar gidanta abin ya faru. Ka kuma dubi Senghenydd a Wales, 14 ga Oktoba 1913. Shekara arba'in da ɗaya bayan dokar takarda, ma'aikata 439 suka mutu a fashewa ɗaya, a mahaƙar da ta riga ta ci mutum 81 a 1901. Dokar 1911 ta ce a gyara fanka yadda za a iya juya iskar rami idan wuta ta tashi, wa'adi ya wuce ba a yi ba. Manajan, Edward Shaw, tarar fam 24 aka ci shi, kamfanin kuma fam 10. Ku raba fam 24 ga mutum 439, sule ɗaya ne da ɗan kai a kan kowane rai. Ina amfanin takardar a nan?

Hajiya Rabi: Kwamared, kuɗin tarar abin takaici ne, ni kaina da na karanta sai da jikina ya yi sanyi. Amma ka lura da abin da ka rubuta: ka kira sunan mutum. Ka san wanda aka gurfanar, ka san sashen dokar da ya taka. Ni malamar makaranta ce, ba injiniya ba, amma abin da na fahimta shi ne takardar tana ɗaura alhakin rami a wuyan mutum ɗaya sananne, kuma abin da hukuma ta bayar tana iya ƙwacewa. Ku tuna ramin da ya rufta da mutane a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro a Yunin 2024. Ku tuna yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe a 2010. A yawancin ramukan ƙauyukanmu, in abu ya faru, matar da aka bari da marayu ba ta ma san wa za ta nuna da yatsa ba.

Kwamared Isa: Hajiya, sunan da za a nuna yana da amfani, ban ƙi ba. Amma bari in faɗi abin da ya sa nake tsoron takarda. A Afirka ta Kudu, ƙarƙashin dokar mahaƙu ta 1911 da gyaran da aka yi mata a 1926, takardun ƙwarewa irin na fasa dutse da na tuƙa injin keji an hana wa baƙar fata. Mutum zai yi shekara ashirin a rami, shi ke nuna wa sabon Bature inda dutse ke da rauni, amma doka ta ce ba zai riƙe takardar ba. Sai wajen ƙarshen shekarun 1980 aka cire wannan shinge. A nan gida ma, masu haƙar kwal na Inugu da suka nemi haƙƙinsu, me suka samu? Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe 21 daga cikinsu a Iva Valley. Duk wanda ke riƙe da ƙofar jarrabawa shi ke zaɓen wanda zai shiga.

Injiniya Bashir: Gaskiya ne, kuma zalunci ne. Amma dubi inda zaluncin yake: hana su zama jarrabawar aka yi. Ma'aikatan Afirka ta Kudu ba su yi fafutukar a soke takarda ba, cewa suka yi a buɗe musu ƙofa.

Musa Agadas: Salamu alaikum manya. Mu nan wajen Anu Araren kusa da Cirozerin, kwal ɗin da ake ƙonawa don ba Arlit da Agadas wuta a buɗaɗɗen fili ake haƙo shi, babu keji babu igiya. Na ji ma na Maiganga a Gombe haka yake. To ina tambaya, wannan gardamar ta direban keji ta shafe mu kuwa?

Injiniya Bashir: Ta shafe mu, Musa, ko da ba ta kwal ba. Duk ramin zinariyar da ake zura mutum da igiya, akwai wani a sama riƙe da ransa. Kuma bari in ba Malam Lawal labarin da zai so, don kada a ce ina ɓoye abin da bai goyi bayana ba. Mahaƙar Markham a Derbyshire ta Ingila, 30 ga Yuli 1973. Keji na sauka da mutum 29. Direban injin ya ja birki, birki bai kama ba. Ya danna maɓallin tsayawar gaggawa, wanda ya yanke wutar injin gaba ɗaya, kejin ya ci gaba ya daki ƙasan rami. Mutum 18 suka rasu, 11 suka ji munanan raunuka. Bincike ya gano wani sandan ƙarfe ɗaya ne a cikin birkin ya gaji ya karye, kuma duk birkin a kansa ya dogara.

Malam Lawal: To ka gani! Ko takarda goma ke aljihun direban nan, ƙarfe ya riga ya karye.

Injiniya Bashir: Haka ne. Amma gogewar shekaru ma ba ta hango tsagewar ba, don a cikin ƙarfen take. Abin da aka koya ranar, cewa kada birki ya rataya a kan ƙarfe ɗaya kuma a riƙa gwada irin waɗannan sassa da na'ura, ta yaya zai isa ga manajan da ke wata mahaƙar, wanda bai taɓa ganin irinsa ba? Ko dai a sa shi cikin abin da za a tambaye shi, ko a jira shi ma ya binne nasa mutum 18. Haka aka yi da mahaƙar Hartley ta Ingila a 1862: ƙarfen injin famfo ya karye ya faɗa cikin rami ɗaya tilo da ake da shi, mutum 204 suka mutu a toshe. A shekarar aka yi dokar cewa kowace mahaƙa sai da hanyar fita biyu.

Baba Audu: Yara, ku saurara. Na fara da goyon bayan Lawal, kuma har yanzu ba zan ba yaron da bai taɓa shafa igiya ba ragamar keji. Amma akwai abin da ban faɗa ba, maganar Bashir ta tono mini shi. Ogan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, gwani ne na gaske. A saman kuren akwai wani ɗan makunni da ke kashe injin idan ƙugiya ta hau da yawa. Shi yakan ɗaure shi da waya, wai yana ɓata lokaci, idonsa ya ishe shi. Ni ma haka na tashi ina yi, na kuma koya wa yara biyu. Sai da aka kawo wani mai gwaji daga waje, ya hau ya ga wayar, ya sauko ya ce na faɗi. Na yi fushi ƙwarai, har na ce yaushe aka haife shi. Ya zaunar da ni ya zana mini a takarda abin da ke faruwa idan ƙugiya ta daki kan injin da kaya a rataye: igiya ce za ta tsinke, kayan su sauko kan wanda ke ƙasa. Shekara da shekaru ina wannan, Allah ne kawai ya tsare. Ba wanda ya isa ya gaya mini a wurin aikin nan, don duk ni na koyar da su.

Hajiya Rabi: Allah ya saka da alheri Baba. Ba kowane babba ke iya faɗin wannan a gaban 'ya'yansa ba.

Malam Lawal: Baba, na ji, kuma ta shige ni. Na janye cewa ba ta ceton kowa. Amma mai gwajin da ya kayar da ku hawa ya yi ya ga waya da idonsa. Abin da nake gudu shi ne wanda zai zauna a ofis a kai masa ambulan ya sa hannu. Injiniya, na san akwai hukumar COMEG da ke rajistar injiniyoyin ma'adinai a Najeriya, akwai kuma sufetocin mahaƙu a ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007. Ka tambayo mana abokan aikinka: yaushe rabon da sufeto ya tsaya a bakin wani rami a Anka ko Birnin Gwari ya ce wa mai riƙe da igiya, nuna mini yadda za ka tsayar da ita in ta kuɓuce?

Injiniya Bashir: Zan tambaya, Malam, in sha Allahu. Baba, yaran nan biyu da kuka koya wa, sun kwance tasu wayar?

Baba Audu: Ɗaya na same shi da kaina na gaya masa. Ɗayan ya tafi Fatakwal tun kafin ranar, har yau ina neman lambarsa.