A ina kuka fara jin jitar Mdou Moctar?

Ɗan Tahoua:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya ƙanena ya turo mini bidiyon su Mdou Moctar, Ba'abzinen nan mai kaɗa jita daga Nijar, suna wasa a Turai, fili cike da Turawa suna kaɗa kai, ga shi ba wanda ke jin Tamashek, harshen Abzinawa, a cikinsu. Sai na tuna lokacin da waƙoƙinsa ko suna ba su da shi a wayoyinmu. Ni a tasha na fara jin sa, wajen mai tura waƙoƙi a katin waya, daga nan aka yi ta tura wa juna ta Bluetooth. Na fi shekara ina saurare kafin na san ɗan jiharmu ne. Kowa ya faɗi nasa.

Basakkwace:
Wa alaikumus salam. Kila ba ku sani ba, kundinsa na farko, Anar, a nan Sakkwato aka naɗe shi a 2008. Shi ya sa muryar ta fito a lanƙwashe da na'ura, irin ta waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokaci. Da na fara ji a shagon cajin waya na ɗauka wani ɗanmu ne ke rera waƙa da baƙon harshe. Irin waɗannan waƙoƙin na waya ne Ba'amurken nan Christopher Kirkley na kamfanin waƙoƙi na Sahel Sounds ya tsinta, har ya bi sawu ya nemo mai su.

'Yar Agadas:
Yayyena, duk wanda a waya ya tsaya bai ji komai ba tukuna. Ni a wajen biki na gan su, bayan isha'i, a filin unguwa. Janareta na ƙugi a bayan gida, lasifika bisa kujerar roba, samari sun haska fili da fitilun babura. An yayyafa ruwa amma kafin a jima ƙura ta turnuƙe har kana jin ta a haƙora. Mdou bahago ne, ga rawani ya rufe baki, ido kawai kake gani. Yakan fara a sanyaye da tafiyar takamba, wani kiɗan gargajiya na Abzinawa, jita ta biyu na maimaita abu guda ba ta gajiya, sai mai ganga ya rinƙa ƙara wuta kaɗan-kaɗan. Ba ka sanin lokacin da kiɗan ya kama gudu, sai dai ka ga masu rawa bibbiyu suna shiga suna fita a guje. Yatsunsa kuwa ba a bin su da ido. Innata da ta ce hayaniya ce kawai, ita ce ta ƙi tashi har aka kashe janareta. Idan na tuna cewa da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko saboda gidansu ba sa son kiɗa, sai in ji ƙwalla ta zo mini.

Direba a New York:
Na gan su a 2023, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli da ya sa suka maƙale a Amurka. Su huɗu ne: shi, Ahmoudou Madassane, Souleymane Ibrahim mai ganga, da Mikey Coltun, Ba'amurke mai jitar bas. Ƙarar har a ƙirji nake jin ta. Bature na kusa da ni ya tambaye ni me ake cewa, na ce ni Bahaushe ne, Tamashek ɗina kaɗan ne, amma na san maganar Faransa da yuraniyom ɗin garin Arlit na arewacin Nijar ba ta fita bakinsa.

Malamin makaranta, Maraɗi:
Ku yi mini afuwa, ni ban bi ku duka ba. Tun da suka shiga kamfanin Matador suka fitar da Afrique Victime a 2021, ƙarar jita ta fara danne kalmomi. Na taso da kaset ɗin marigayi Abdallah Oumbadougou, tsohon makaɗin jitar Abzinawa, inda baiti ke gaba, jita na biye. Na fi son Mdou idan ya ɗauki jitar da ba lantarki.

'Yar Agadas:
Malam, da gaskiyarka a kan baiti. Amma ƙarar nan ba a Amurka ya koyo ta ba, haka lasifikar biki take tsagewa tun muna yara. In Allah ya kawo ka Agadas lokacin bukukuwa, ka tsaya kusa da mai ganga ka ji.