Abin da aka tattauna kan zanzaron da ke kashe murzuna a gonar hatsi

Ga abin da na tsinto daga doguwar maganar da aka yi:

1. Kowa ya yarda ɗan mitsitsin zanzaron nan, Habrobracon hebetor, abokin manomi ne, kuma ba ya harbin mutum. Macen ce ke harbin murzuna, wato tsutsar da ke sassaƙe zangarniya, ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta.

2. Masu noma a Maraɗi sun bayyana yadda ake sakinsa: 'yar jakar algarara da gero, tsutsotsi da matan zanzaro a ciki, a rataye a inuwar bishiya lokacin da hatsi ke fidda kai. In an makara, ɓarna ta riga ta auku.

3. An rabu kan feshi. Wasu sun ce a haɗa feshin maganin ƙwari da sakin zanzaro, mafi yawa sun ce zanzaron ne maganin zai fara kashewa. Ni ma nan na tsaya.

4. Wani ya tuna mana shi ma zanzaro yana da nasa maƙiyi. A gonakin kabeji na Turai, wani zanzaro mai suna Lysibia nana kan saka ƙwai cikin kwanson wani zanzaron, Cotesia glomerata, mai cin tsutsar kabeji.